Wankin Kwal a Gidan Inna Mariya

Tun da daji ya ƙi shiguwa saboda 'yan bindiga, masu icce suka daina zuwa Jibiya da jakunansu, Inna Mariya ta koma suya da kwal. Ba gawayi ba, kwal na dutse, wanda ake haƙowa can arewacin Nijar a gasa shi, manyan motoci su sauko da shi ta Maraɗi. Mutanen tsallake sharbon suke ce masa. Mai kyansa a can yake ƙarewa. Abin da ke isowa gidan Inna na ƙasan buhu ne, rabi kwal rabi ƙasa. Yana da zafi, yana daɗewa bai mutu ba, waina tana tashi a kansa yadda ake so. Amma toka! Da an kai masa mafici sai ta tashi fara fat, ta sauka a kan shanya, ta sauka a bakin randa, ta shiga ɗaki ta kwanta a kan gado. Wainar nan da awarar nan kuwa su ne abincin gidan, don direbobi da 'yan dakon bakin iyaka ba sa wuce ƙofar Inna.

Salmatu matar Kalilu ce, ɗan Inna na ƙarshe. Ɗiyarsu Mufida ba ta cika shekara uku ba, kuma tun da kwal ya shigo gidan take tari. Da farko an ce sanyi ne. Aka ba ta zuma, aka ba ta citta. Ranar da numfashinta ya fara fita da ƙara kamar usur, Salmatu ta goya ta zuwa asibiti. Ma'aikaciyar jinyar ta ɗora abin saurare a ƙirjin yarinyar, ta daɗe tana ji, sannan ta tambayi da me ake girki a gida. Da ta ji, sai ta ce magani za ta bayar, amma maganin ba zai yi komai ba muddin yarinyar tana shaƙar tokar nan.

Inna Mariya ba muguwa ba ce, jikar nan ranta ce. Ta kwana biyu tana juya maganar, sannan ta yanke hukunci irin na manya. Ta kira Gwaggo Husaina, ƙanwar marigayi mijinta da ke aure a Maraɗi. Gidan Gwaggo da gas ake girki, 'ya'yanta duk sun yi aure, ɗakuna a buɗe. Gwaggo ta ce da gudu, ranar kasuwar Lahadi ta ƙarshen wata za ta zo ta ɗauki ɗiyarta.

A gaban Salmatu aka yi wayar. Tana tsugune tana tace waken suya, ba ta ɗago kai ba. Mufida 'yar fari ce, kuma a gidan da aka san kunya uwa ba ta da baki a kan ɗan fari. Ba ta kiran sunanta, ba ta yi mata wasa a gaban surukai, balle ta buɗe baki ta ce kar a tafi da ita. Macen da ta yi haka, har a gidan suna sai an yi da ita. Haka uwarta ta yi a kanta, haka kakarta. Salmatu ba ta taɓa ganin laifin wannan ba sai yau.

Maraɗi ba nisa, kowa ya sani. Amma ita ta ga lokacin da aka rufe iyakar nan. Ta ga maƙwabciyarsu da uwarta ta rasu a tsallake, tana zaune a Jibiya tana karɓar gaisuwa ta waya. Watanni aka yi iyakar tana rufe. Wa ya san ranar da za a sake sa sarƙa a hanyar?

Da azahar Kalilu ya dawo cin abinci, ta bi shi ɗaki ta saki labule.

"Kai ma ka yarda?"

"Salma, to ya zan yi? In ce Inna ta daina suya? Kabu-kabun nan da nake yi kin san ko cefane ba ya kaiwa."

"Ban ce ta daina ba."

"To me kike cewa?"

"Tokar ce matsala, ba yarinyar ba. Me ya sa yarinyar za a fitar?"

Ya ajiye cokali ya dube ta. "Ki fitar da tokar mana, in ana fitar da ita."

Da wasa ya faɗa. Ita kuwa ba da wasa ta ji ba, don ta san ana fitar da ita, ta gani da idonta. Kafin aure ta yi karatun aikin ɗakin gwaje-gwaje a wata kwaleji a Katsina, kuma ita ke wanke wa Malama Amatullahi kwalabe lokacin da Malamar ke bincike a kan irin wannan kwal. Ta zauna bakin gado ta ba shi labari. Ana niƙa kwal ya zama gari, a zuba a tukunyar ƙarfe mai murfi da kusoshi, a haɗa shi da wani ruwan sinadari, a gasa da zafi mai tsanani. Kwal ɗin sai ya narke a cikin ruwan kamar sukari a shayi. Ƙasa da duwatsun da ke zama toka ba sa narkewa. A tace da zafinsa, ƙasar ta tsaya a matata, sannan a ƙafar da ruwan. Abin da ya rage, in ka ƙona shi, sai ka nemi toka ka rasa.

"Wane irin ruwa ne?"

"Dangin mai ne. Yana da wari."

Kalilu ya gyaɗa kai a hankali, irin na wanda ya gane komai. Ina ma ta lura.

Washegari da hantsi ta fito daga wanka, sai warin fetur ya dake ta. Can gindin katanga ta hango Kalilu tsugune da tsohon kwano, ya zuba kwal, ya tuttula masa fetur, yana juyawa da kara. Ya yi shekaru yana tsallakar da fetur a jarka bisa babur kafin ya bari, a wajensa duk abin da ya ƙi fita fetur ke fitar da shi. Murhun Inna yana ci a tsakar gida, Mufida kuwa tana tsaye a bayansa tana leƙe.

Salmatu ba ta san lokacin da ta isa ba. Ta fizgi yarinyar ta cilla ta ɗaki, ta dawo ta sure kwanon ta fice da shi bayan gida, ta kife shi a rami ta tura ƙasa da ƙafa.

"Ke, litata guda!"

"Litarka? Gidan za ka tayar mana!"

"Ba ke kika ce dangin mai ba?"

"Dangin mai na ce, ban ce ka jiƙa mana bam kusa da murhu ba!"

Inna ta ɗago daga kan tanda. "Me kuke yi ne ku biyun nan?"

"Wankin kwal, Inna," in ji Kalilu yana sosa ƙeya.

"Wankin me? Allah ya shirya. In kun gama ku wanke min dare ma, ya yi fari."

Nan take Salmatu ta nemo lambar Malama Amatullahi ta kira. Suka gaisa, Malamar ta tambayi maigida da yarinya, Salmatu ta zayyana mata komai, har da kwanon fetur. Malama ta yi salati.

"Ki ce masa kul. Kuma ke ma ki cire wancan aikin daga ranki, Salmatu. Tukunyar nan ba ta gida ba ce, ruwan kuma guba ne, ko ni sai da safar hannu da abin rufe hanci. Amma tsaya. Ba narkar da kwal ne buƙatarki ba, raba shi da ƙasa ne. Kuna da tsohon man suya?"

"Baƙin da Inna ke zubarwa? Akwai."

"To ji nan. Kwal yana bin mai, ƙasa tana bin ruwa. Ki niƙa shi da ruwa, kar ki yarda ki niƙa a bushe, ƙurar ta fi tokar illa. Ki sa mai kaɗan, ki kaɗa da ƙarfi. Garin kwal zai manne wa man ya dunƙule, ƙasar ta zauna a ruwa. Ba duka za ta fita ba, kar in yi miki ƙarya. Amma za ki ga bambanci."

"Mai kamar nawa, Malama?"

"Wannan kwal ɗinku ne zai gaya miki. Ki fara da kaɗan."

Akwai tsohon injin markaɗe a zaure, wanda haƙoransa suka cinye har Inna ta daina sa masa wake. Kalilu, da yake yana neman hanyar wanke kansa, ya kwance shi ya ɗaure, ya ja shi bayan gida. Ya farfasa kwal da guduma a cikin ruwa, injin ya markaɗe shi ya fito baƙi kamar kunun da aka yi da tawada.

Gwajin farko mai ya yi yawa, abin ya zama kwaɓaɓɓen laka mai ƙarni, ya ƙi rabuwa da komai. Na biyu ta rage man, ta yi ta tuƙi da muciya har kafaɗarta ta riƙe, man ya taso sama yana kallonta, kwal yana ƙasa abinsa. Ta gwada maburgi. Ta gwada ruwan ɗumi. Kwanaki suna tafiya, farcenta ya yi baƙi, tarin yarinyar yana nan. Inna kuwa ta fara haɗa wa Mufida kaya a jakar leda mai zif, yau ta sa riga, gobe ta sa takalmi, a gaban kowa. In ta wuce ta bayan gida sai ta ce, "Sannu da aiki, matar injiniya."

Wata safiya Salmatu ta zauna kan turmi, bokiti a gabanta, ta rasa abin yi. Malama ta ce da ƙarfi, to wane ƙarfi ne ya fi wanda ta sa? Tana kallon ɗigon man da ke yawo a saman ruwan sai kakarta ta faɗo mata a rai, can Mazanya, zaune da gyanɗamar nono a cinya. Tsohuwar ba ta taɓa tuƙa nono da muciya don ta fitar da mai ba. Toshe bakin gyanɗamar take yi, ta yi ta jijjiga, nonon yana dukan wannan gefe yana dukan wancan, har man ya haɗa kansa.

Ta miƙe. Tsofaffin jarkokin Kalilu suna jibge a zaure tun da ya bar sana'ar fetur. Ta zaɓi ɗaya ta wanke da omo har warin ya mutu. Ta zuba markaɗen kwal zuwa rabi, ta ɗiga mai, ta murɗa murfi. Ta ɗaura igiya a reshen darbejiya ta rataye jarkar, ta kama ta da hannu biyu ta fara turawa tana fizgowa. Ruwan yana bugun ciki, fal, fal, fal. Gumi ya jiƙa mata riga. Can sai ƙarar ta sauya, ta koma wani sassauƙan shuu, kamar an zuba gero a ruwa.

Ta kwance jarkar ta juye a kan rariya.

Ruwan da ya zubo ba baƙi ba ne. Fari-fari ne, kalar kunun kanwa. A kan rariyar kuwa ga wasu ƙananan ƙwayoyi baƙi wuluk suna sheƙi, kamar dambu. Ta ɗebo ta murza a yatsa, babu tsakuwa, babu kaushin ƙasa. Ta bar ruwan ya kwanta, ta tsiyaye, ta ga laka fara a gindin bokiti mai kauri kamar yatsa biyu. Wannan ce ke shiga ƙirjin ɗiyarta. Ta daɗe tana kallonta, sannan ta kai ta rami ta binne inda ko akuya ba za ta kai baki ba.

Ta dama ɗan kokon rogo ta haɗa da ƙwayoyin don su kama, ta mulmula su kamar dawo, ta jera a kan kwanon rufi. Rana ta yi musu kwana biyu.

Saura Inna.

"A tandata? Furar aljanun nan? Ki ɓata min ƙullu direbobi su koma wajen wata?"

"Inna, murhu ɗaya kawai. Na awara."

"Mai fa kika sa masa. Hayaƙi zai yi, awarata ta yi ɗaci."

"In ta yi ɗaci ni zan cinye."

"Ke ɗin? Da wane cikin?"

Amma ta matsa. Salmatu ta jera dunƙulen, ta sa garwashi a tsakiya. Da farko ya yi hayaƙi kamar yadda Inna ta faɗa, Inna ta ce, "Ehem." Sannan hayaƙin ya ɗauke, wuta ta kama ja jawur. Inna ta ɗauki mafici ta fifita da mugunta, da gangan, tana kallon sama. Babu abin da ya tashi. Ta ƙara. Sai ta ɗora kasko. Da la'asar da aka kwashe murhun, tokar da ke ciki ba ta cika tafin hannu biyu ba, kuma mai nauyi ce, a kwance take. Da can faranti ake cikawa.

"Gobe ki yi na tanda ma," in ji Inna, tana kallon wani wajen.

Daga nan aikin ya zama na kullum. Kalilu ya markaɗa kafin ya fita, Salmatu ta kaɗa jarka, rufin ɗaki ya cika da baƙin dawo. Shanya ta daina yin fari. Tarin Mufida bai tafi rana ɗaya ba, raguwa ya yi ta yi, usur ɗin nan ya ɓace, ta koma bin kaji da gudu. Salmatu ta mayar da ita asibiti, ma'aikaciyar ta saurara ta ce ƙirjin ya buɗe, a ci gaba da duk abin da ake yi, kuma duk da haka kar a bar ta ta zauna a bakin murhu. Sai dai jakar tana nan rataye a ɗakin Inna. An riga an yi wa Gwaggo alkawari, kuma ba a kiran babba a ce ya fasa.

Ranar Lahadi Gwaggo Husaina ta iso da hantsi, doguwar mace mai murya, da farin mayafi da ƙamshin turare. Tun daga zaure ake jin ta.

"Ina ɗiyata? Ku hiddo min ita, na kama muna wuri biyu a gaban mota, direba ya ce da azahar za shi juya!"

Aka shimfiɗa tabarma, aka kawo ruwa da waina. Mufida ta zo ta haye cinyarta tana wasa da awarwaronta. Gwaggo ta kara kunne a bayan yarinyar.

"To ina tarin da aka tashe ni da shi tun daga Maraɗi?"

"Ya yi sauƙi," in ji Inna.

"Da wane magani?"

Inna ta nuna murhu da haɓa. Gwaggo ta miƙe ta je ta tsaya a kai. Ta ɗauki dunƙule ɗaya daga kwando ta juya shi, ta shinshina.

"Mi kuka yi ma sharbon ɗin ga?"

"Wanke shi aka yi. Tambayi matar ɗanki."

Gwaggo ba ta tambaya ba. Ta zare farin mayafinta ta shimfiɗa a ƙasa dab da murhun, ta karɓi mafici a hannun Inna, ta yi ta fifita wutar har kaskon ya fara tsalle. Ta ɗaga mayafin ta kai shi rana, ta duba wannan gefe, ta duba wancan. Ta kaɗe shi ta mayar kafaɗa.

Sannan ta juyo ga Salmatu, wadda ke durƙushe a bakin randa tana wanke abin da ta riga ta wanke.

"Ke ɗiyar nan, zo. Dube ni. In tahi da ita, ko in bar ta?"

Kalilu da ke bakin zaure ya sunkuyar da kai. Salmatu ta san amsar, amma ta ji idon Inna a kanta. Ta dubi ƙasa.

"Gwaggo, yarinya taku ce." Ta goge hannu a zani. "Wutar dai ta daina toka."

Gwaggo ta yi mata kallo mai tsawo. Ta kamo hannunta ta juya, ta ga farcen da ya rine, ta ga kantar igiya a tafin. Sai ta fashe da dariya har da tafa cinya.

"Mariya, kin ji 'yar banza! Ba ta ce a'a ba, wai ita mai kunya. Ta tashi ta wanke dutse don kar a ɗauke mata ɗiya, sannan ta ce min yarinya tamu ce!"

"Ni ma haka na gani," in ji Inna, tana juya waina. Murya ƙasa-ƙasa ta ƙara, "A bar ta, Husaina. Gidan zai yi shiru da yawa."

"Au, ke ma? To ni wa zai biya ni wurin da na kama?"

"Gwaggo, a sa miki buhun wankakken kwal a wurin," in ji Kalilu daga zaure. "Ba ya kuka, ba ya fitsarin kwance."

"Rufe min baki, ɗan fetur. Ai an ba ni labarinka." Ta koma kan tabarma ta ja farantin waina. "A cika min buhun. Maƙwabciyata mai tuya tokar ga ta kusa makantar da ita. Kuma ke, kafin azahar za ki nuna min yadda ake yi, da idona, ban son kwatance."

Salmatu ta ce to. Ta miƙe ta nufi bayan gida. Sai da ta sha kwanar katanga, inda ba mai ganinta, ta jingina da bango ta rufe fuska da hannu biyu, tana dariya hawaye na zuba. Ta ji ƙananan ƙafafu sun biyo ta. Ta sunkuya ta ɗauki yarinyar ta matse a ƙirji, ta shafa mata baƙi a kumatu ba ta sani ba.

Daga tsakar gida muryar Gwaggo ta taso. "Ina mai wankin? Rana tana yi!"

"Ga ni nan, Gwaggo!"